Babi na Shida: Tare Hanyar Ciwo Bayan Aikin Ƙoda

Washegarin ranar da aka yi wa mutum aikin ƙoda, ma'aikaciyar jinya kan zo da wata buƙata wadda 'yan uwa da yawa suke gani kamar rashin tausayi. Za ta tsaya a gefen gado, ta duba robar fitsari, ta duba ƙarin ruwa, sannan ta ce, "Baba, daure ka ja numfashi sosai, ka yi mini tari." Dattijon zai dube ta, ya dubi ɗansa da ke tsaye da mafici a hannu, ya ce, "'Yata, bari dai zuwa anjima." Ya riga ya gwada cikin dare, ya ji kamar an sake zura wuƙa a kwiɓinsa, tun daga lokacin yake shan iska kaɗan-kaɗan kamar mai kurɓar shayi mai zafi.

Tarin nan da ya ɗage zuwa anjima ya fi muhimmanci fiye da yadda shi da ɗansa suke zato. Huhun da ba ya cika da iska, ƙasansa kan lotse. Kakin da ya kamata tari ya fitar sai ya kwanta a ciki, ƙwayoyin cuta su sami masauki, bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya taso, a ce ciwon huhu ya shiga. Wanda ciwo ya hana juyawa a gado ba zai sauko ya taka ba, wanda bai taka ba kuwa jini kan daskare a jijiyoyin ƙafarsa, gudan ya iya ɓallewa ya tafi huhu. Shi ya sa likitocin da ke sa barci a ɗakin tiyata, waɗanda su ne ke da alhakin kashe zafi bayan an farka, ba sa gamsuwa da ganin majinyaci yana kwance shiru. Abin da suke so su sani shi ne ko zai iya tari.

Mazaunin ƙoda

Ƙoda biyu suna zaune can ta baya, ɗaya a dama ɗaya a hagu da ƙashin baya, samansu a laɓe bayan haƙarƙarin ƙarshe. Ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka, domin hanta ta tsare mata wuri. Kowacce tsawonta bai wuce santimita 10 zuwa 12 ba, nauyinta kimanin giram 150, amma su biyun suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa. A rana guda suna tace ruwan da ya kai lita 180, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, su bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka ya fita a matsayin fitsari.

Wurin da Allah ya ajiye su wuri ne mai kariya, kuma kariyar nan ita ce wahalar likitan tiyata. Mutum na farko da ya cire ƙoda da gangan, majinyaci kuma ya rayu, shi ne Gustav Simon, a birnin Heidelberg na ƙasar Jamus, ranar 2 ga Agusta, 1869. Matar da ya yi wa aikin tana fama da lalurar da mutanenmu suka sani sarai, wato yoyon fitsari, wanda ya same ta bayan an raunata bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda a wani aikin da aka yi mata a baya. Simon ya yi ta ƙoƙarin toshe yoyon bai yi nasara ba. Sai da ya gwada a kan karnuka ya tabbatar ana iya rayuwa da ƙoda ɗaya, sannan ya shiga ta bayan matar ya cire ƙodar da ke zubo fitsarin. Ta sha doguwar jinya, amma ta warke.

Hanyar da aka gada daga wancan zamani ita ce a kwantar da majinyaci a gefe, a lanƙwasa gadon tiyata ta tsakiya don kwiɓi ya buɗe, a ratsa tsoka hawa-hawa, wani lokaci har a cire wani yanki na haƙarƙari na 11 ko na 12. Tsokokin da ake ratsawa su ne waɗanda mutum ke tari da su, yake dariya da su, yake juyi a gado, yake sunkuyawa a ruku'u. Karyayyen hannu ana ɗaure shi a hana shi motsi har ya haɗe. Kwiɓi ba shi da wannan hutun, domin mutum na numfashi kusan sau 20,000 a rana, kowane numfashi kuma yana jan ɗinkin.

An rage girman yankan daga baya. A 1976 likitoci biyu a Suwidin, Fernström da Johansson, suka nuna yadda za a huda ƙaramar kafa ta baya a ciro tsakuwar ƙoda. A 1990 Ralph Clayman da abokan aikinsa a St. Louis ta Amurka suka cire ƙoda ta ƙananan kafofi, da kyamara da dogayen kayan aiki. Ciwon ya ragu ƙwarai, amma bai tafi ba. Ƙodar da za a dasa wa wani dole ta fito lafiyayya a dunƙule, saboda haka sai an yi yankan da za ta wuce. Kafar ciro tsakuwa kuma tana ratsa fata da tsoka da naman ƙodar kanta.

Ciwon da ke biyo baya iri biyu ne. Akwai na bango, na fata da tsoka, mai suka da raɗaɗi, wanda majinyaci zai nuna da yatsa ya ce nan ne. Akwai kuma na ciki, mai zogi da murɗa, wanda ba ya nunuwa da yatsa sai da tafin hannu, kuma yakan zo da tashin zuciya. Kowanne da jijiyoyin da ke ɗaukar saƙonsa, amma duka suna shiga laka ne a kusan wuri guda, daga ƙasan ƙirji zuwa farkon ƙugu.

Gaba kura, baya siyaki

Da a ce aikin ƙafa aka yi, da likita ya buɗe akwatin magani ya zaɓa. Mai aikin ƙoda kuwa, magungunan da suka fi kashe zafi su ne suka fi ba shi matsala.

Ɗauki diklofenak da ibufurofen da danginsu, waɗanda ake saye a kowane kemis don ciwon baya da ciwon gaɓoɓi. Suna aiki ta hanyar hana jiki ƙera wasu sinadarai masu hura wutar kumburi da zafi. Sai dai ƙoda tana dogara da waɗannan sinadaran ne wajen buɗe ƙananan jijiyoyin jinin da ke shayar da matatunta, musamman lokacin da jini ko ruwa ya ragu a jiki, kamar yadda yake faruwa bayan tiyata. Mutumin da jiya yake da ƙoda biyu, yau ɗaya ta rage tana ɗauke da kayan biyu, ba a son a matse mata hanyar jini. Wanda aka yanke wa wani ɓangare na ƙoda kuma, waɗannan magunguna na iya ƙara masa haɗarin zubar jini.

Sai mofin, sarkin masu kashe zafi. Hanta tana sarrafa shi zuwa wasu sinadarai, ɗaya daga cikinsu yana da ƙarfin kashe zafi da danne numfashi kamar mofin ɗin kansa, kuma ƙoda ce ke fitar da shi. Idan ƙoda ta yi rauni sai ya taru a jini, majinyaci ya yi ta barci, numfashinsa na raguwa, masu jinya suna murna cewa ya sami hutu. Fetidin ya fi muni, domin ragowarsa idan ta taru tana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Taramadol ma sai an rage adadinsa. Ko a jikin mai lafiyar ƙoda, dangin mofin suna kawo amai da ƙaiƙayi da taurin bayan gida, kuma amai da sabon ɗinki a kwiɓi azaba ce ta daban. Farasitamol ne kaɗai ake bayarwa da kwanciyar hankali, shi kuwa ba zai iya ɗaukar nauyin wannan ciwo shi kaɗai ba.

Daga wannan tsaka mai wuya ne allurar tare jijiya ta sami daraja a aikin ƙoda.

Ɗan aike da fada

Hausa tana kiran abubuwa da dama jijiya: wadda jini ke bi, da wadda ta ɗaure tsoka da ƙashi, da farin zaren da ke ɗaukar saƙo tsakanin jiki da ƙwaƙwalwa. Ta ukun ce abin maganarmu. Idan wuƙa ta taɓa fata, bakin wannan zaren yana tayar da ɗan lantarki, lantarkin kuma yana tafiya ne ta hanyar buɗewar wasu ƙananan ƙofofi a bangon jijiyar, waɗanda sinadarin sodiyam ke kwarara ta cikinsu. Ƙofa ta buɗe, ta sa ta gabanta ta buɗe, haka har saƙon ya isa laka, ya hau zuwa ƙwaƙwalwa. Sai ya isa can ne mutum ke cewa wayyo.

Mofin yakan je fada ne, wato ƙwaƙwalwa, ya sa sarki gyangyaɗi, don kada ya damu da ƙarar da aka kawo. Amma sarkin da ke gyangyaɗi, sauran harkokin gari ma sukan tsaya, ciki har da numfashi da motsin hanji. Maganin da ake zubawa a jikin jijiya kuwa yana toshe ƙofofin sodiyam ne, ya tare ɗan aiken a hanya. Sarki yana farke, hankalinsa garau, saƙon ne bai iso ba. Ƙari a kan haka, irin magungunan da ake amfani da su a yau, lidoken da bufibaken da rofibaken, hanta ce ke karya su, saboda haka allura guda ba ta ɗora wa ƙoda wani babban kaya.

Asalin wannan ilimi ganyen koka ne na Kudancin Amurka, wanda ake fitar da hodar iblis, wato koken, daga cikinsa. A 1884 wani matashin likita a Biyana, Carl Koller, ya ɗiga ruwan koken a idon kwaɗo, sannan a nasa idon, ya ga ana taɓa ƙwayar ido ba a jin komai. Kafin shekarar ta ƙare, William Halsted da Richard Hall a New York sun fara soka maganin kai tsaye a kusa da jijiya, suka ga duk yankin da jijiyar ke mulka ya sage. Sun yi gwajin a jikinsu, kuma sun biya farashi mai tsada: dukansu sun kamu da jarabar koken, Halsted ya yi ta fama da jaraba har ƙarshen rayuwarsa, duk da ya zama ɗaya daga cikin manyan likitocin tiyata na Amurka. Daga nan masana haɗa magunguna suka duƙufa neman abin da zai sagar da jijiya ba tare da ya kama hankali ba. Aka sami furoken a farkon ƙarni na 20, Nils Löfgren ya haɗa lidoken a Suwidin a 1943, bufibaken mai daɗewa ya shiga asibitoci a shekarun 1960.

Inda ake kafa shinge

Jijiyoyin da ke kula da kwiɓi suna fitowa daga laka bibbiyu, ta tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya, su bi ƙarƙashin haƙarƙari su zagayo gaba kamar ɗamara. Ana iya tare su a wurare da dama. Ƙa'idar ita ce, gwargwadon kusancin shinge da laka, gwargwadon ƙarfinsa, kuma gwargwadon haɗarinsa.

Mafi kusa ita ce efidural, 'yar uwar allurar baya da mata suka sani a aikin haihuwa. Bambancinsu shi ne ita efidural ba ta huda rigar da ta lulluɓe laka, a wajenta take tsayawa, kuma ana barin siririn bututu kamar zaren kamun kifi a riƙa tura magani kwana biyu ko uku. Wani likitan soja ɗan Sifaniya, Fidel Pagés, ya bayyana ta a 1921. Idan ta zauna daidai, da wuya a sami abin da ya fi ta a babban yanka. Amma tana kama dama da hagu, alhali ciwon gefe ɗaya ne. Tana sakin jijiyoyin jini, ƙarfin bugun jini ya sauka, ƙodar da ta rage ko wadda aka dasa kuwa tana buƙatar jini mai ƙarfi. Sannan mai wankin ƙoda jininsa ba ya saurin daskarewa, ga magungunan tsinka jini da ake ba shi. Idan jini ya taru a wannan matsattsen wuri ya danne laka, ƙafafu na iya shanyewa. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma girmansa ya isa ya sa likita ya yi tunani sau biyu.

Ɗan nesa kaɗan akwai allurar gefen ƙashin baya. A daidai inda jijiya ta fito daga ƙashi akwai wani ɗan lungu mai kusurwa uku, wanda maganin da aka zuba a ciki kan bazu sama da ƙasa ya kama jijiyoyi da yawa a jere, na gefe ɗaya kawai. Jijiyoyin da ke ɗauko zogin ciki ma ta nan suke ratsawa, saboda haka tana taɓa ciwon iri biyu. Hugo Sellheim ne ya fara ta a 1905, Arthur Läwen ya inganta ta a 1911, har ya riƙa amfani da ita wajen gano wace jijiya ce ke ɗauke da ciwon wane sashe na cikin mutum. Daga baya aka yi watsi da ita shekaru da dama, sai a 1979 Eason da Wyatt suka farfaɗo da ita. Haɗarinta shi ne rigar huhu tana nan dab da bakin allurar, kuskure kaɗan iska ta shiga ƙirji.

Sauran hanyoyin 'ya'yan wannan ƙarni ne, kuma dabararsu ɗaya: maimakon a nemi jijiya guda, sai a nemi tsakanin tsoka da tsoka, inda jijiyoyi ke ratsawa, a cika wurin da ruwan magani ya malala ya same su. A 2001 Rafi ya bayyana allurar bangon ciki, wadda likitoci ke kira da haruffa uku, TAP. Tana kama fatar gaba da tsokarta daga cibiya zuwa ƙasa, saboda haka ta dace da wanda aka dasa wa ƙoda, domin sabuwar ƙoda a mara ake ajiye ta, ba a mazaunin tsohuwar ba. Ba ta kaiwa ga zogin ciki.

A 2007 Rafael Blanco ya matsa baya, zuwa wata tsoka da ta taso daga haƙarƙarin ƙarshe ta sauka kan ƙashin ƙugu, wadda ƙoda ke jingine da ita. Wannan ita ce QL. Tana kama faɗin da ya fi na TAP, kuma takan fi ta daɗewa. Wani lokaci maganin kan gangara ya taɓa jijiyoyin cinya, ƙafa ta yi sanyi na wasu sa'o'i, shi ya sa ba a barin majinyaci ya miƙe a karon farko ba tare da mai riƙe shi ba.

Ta baya-bayan nan a cikinsu ita ce ESP, wadda Mauricio Forero da abokansa suka bayyana a Kanada a 2016, bayan sun gwada ta a kan masu tsohon ciwon jijiya a ƙirji. Ana zuba maganin a ƙarƙashin doguwar tsokar da ke miƙar da baya, a kan wani reshen ƙashi da ya fito ta gefe. Ƙashin nan shi ne birki: allura ta dunguri ƙashi, ta tsaya, huhu da laka suna can nesa. Sauƙinta ya sa ta yaɗu a duniya cikin 'yan shekaru, har yanzu kuma masana suna muhawara a kan ainihin inda maganin ke bi ya yi aikinsa.

Akwai kuma hanya mafi sauƙi, wadda ba ta buƙatar wata na'ura: kafin likitan tiyata ya rufe, ya zuba maganin a hawa-hawan tsokar da ya yanka, ko a jijiyoyin haƙarƙari da yake gani da idonsa, ko ya bar siririn bututu a cikin ɗinkin.

Abin da ya sa allurorin tsakanin tsoka suka yaɗu shi ne na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba juna biyu da ita. Likitocin da suka gabata da yatsa suke lalube, su auna daga ƙashi, su saurari ɗan sakin da allura ke yi idan ta huda tantani. A 1994 Kapral da abokan aikinsa a Biyana suka nuna ana iya kallon allurar a allo tana tafiya. Yau likita yana ganin tsoka hawa-hawa, yana ganin rigar huhu tana zamewa da numfashi, yana ganin ƙodar kanta, yana kuma ganin maganin yana buɗe tsakanin tsokoki kamar baƙin ruwa.

Gwaje-gwaje da yawa a kan masu aikin ƙoda sun nuna abu guda: waɗanda aka yi wa irin wannan allura suna buƙatar ƙarancin mofin a kwanan farko, kuma ciwonsu ya fi sauƙi a sa'o'in da ya fi tsanani.

Kaifin wuƙar

Ƙofofin sodiyam ba a jijiyar kwiɓi kaɗai suke ba. Akwai su a ƙwaƙwalwa, akwai su a zuciya. Idan maganin ya yi yawa, ko ya faɗa cikin jijiyar jini kai tsaye, zai toshe su a can ma. Alamun farko su ne sagewar leɓe da harshe, ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, da ruɗewa. Daga nan jijjiga, daga nan zuciya ta rikice. A 1979 George Albright ya ja hankalin likitoci a kan mutanen da zuciyarsu ta tsaya bayan an yi musu bufibaken, kuma farfaɗo da su ya yi matuƙar wuya.

Maganin wannan ya fito daga inda ba a zata ba. A 1998 Guy Weinberg a Chicago ya gano cewa ruwan kitse mai kama da madara, wanda ake ciyar da marasa lafiya da shi ta jijiya, yana kare ɓeraye daga gubar bufibaken. A 2006 Rosenblatt da abokan aikinta a New York suka ba da labarin mutumin da zuciyarsa ta tsaya bayan allurar jijiya, aka yi ta ƙoƙari ba nasara, aka tura masa ruwan kitsen, zuciyar ta dawo. Tun daga nan ya zama ƙa'ida a ajiye shi kusa a duk inda ake wannan aiki.

Sauran kariyar tarbiyyar hannu ce. Ana auna magani da nauyin majinyaci, bufibaken kimanin miligiram 2 ga kowane kilo. Ana ja da sirinji baya a duba ko jini zai fito, a tura kaɗan, a dakata, a sake ja. Ana tambaya game da magungunan tsinka jini. Kuma tunda ƙoda biyu ce, ana dakatawa kafin a soka, a sake tabbatar da gefen da za a yi wa aiki da baki da takarda da alamar da aka zana a fata.

Iyakar allurar

Ya kamata majinyaci ya san abin da allurar ba za ta yi ba, domin wanda aka yi wa alƙawarin babu ciwo ko kaɗan, ƙaramin ciwo ma firgita shi yake. Bayan aikin kyamara, iskar da aka hura a ciki takan dami tantanin da ya raba ƙirji da ciki, mutum ya ji ciwo a kafaɗa, domin jijiyar wannan tantani daga wuya ta fito. Allurar kwiɓi ba ta isa can. Ba ta kuma hana damuwar robar fitsari. Wani lokaci maganin bai bazu yadda ake so ba, wani yanki ya sage wani bai sage ba.

Sannan tana da wa'adi. Allura guda takan yi sa'o'i da dama, wani lokaci ta kusa kwana, galibi kuma cikin dare take sakin mutum. Wanda ya ƙi shan farasitamol da yamma saboda ba ya jin komai, shi ne ciwon ke tasa da ƙarfe biyun dare, ya zo masa gaba ɗaya. Saboda haka ake haɗa hanyoyi: allurar jijiya, da farasitamol a kan lokaci ko ana jin ciwo ko ba a ji, da ɗan maganin dangin mofin wanda ya dace da ƙoda a ajiye don ko-ta-kwana.

Akwai kuma ciwon da ke zarce wata uku bayan aiki, mai ƙuna ko tsira kamar lantarki a jikin tabo, wanda yakan samo asali daga jijiyar da aka ja ko aka yanka. An lura cewa waɗanda suka sha matsanancin ciwo a kwanakin farko sun fi faɗawa cikinsa. Wannan ma dalili ne na kada a bar ciwon farko ya yi yadda ya ga dama.

Haƙƙin mai kyauta

Ranar 23 ga Disamba, 1954, a Boston, Joseph Murray ya dasa ƙodar wani matashi mai shekara 23 a jikin ɗan tagwayensa. Shi ne dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, kuma mai kyautar, Ronald Herrick, ya rayu shekara 56 bayan haka da ƙoda ɗaya. Da irin wannan aiki ne asibiti ya sami wani sabon irin majinyaci: lafiyayyen mutum da ya hau gadon tiyata ba don ciwon kansa ba. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano an fara dashen ƙoda a 2002, kuma masu bayarwa a wurinmu galibi 'yan uwa ne na jini, wa ko ƙane, uwa ko ɗa. Wanda ya yi irin wannan kyauta ya shigo da ƙafarsa ba ya jin ciwon komai. Duk raɗaɗin da zai ji, mu muka sa masa. Ina ganin mafi ƙarancin haƙƙinsa a kanmu shi ne a yi duk abin da ilimi ya sani don a rage shi.

Wannan magana ta fi nauyi a ƙasashen da maganin kashe zafi ya yi ƙaranci. Wani kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafiya talauci suna samun kusan kashi 1 cikin 100 ne kacal na mofin da danginsa da ake rarrabawa don jinya. Likitocin sa barci ma sun yi kaɗan: a ƙasashe da yawa na Afirka kudu da Sahara ba a samun ko ɗaya ga mutum 100,000. Amma lidoken da bufibaken suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba su da tsada, ba sa kama hankali, kuma na'urar hoton ciki ta riga ta shiga asibitocinmu. Abin da ya rage shi ne a horar da hannaye.

Akwai kuma abin da ya rage a wajen majinyaci. An tarbiyyantar da mu a kan dauriya, namiji ba ya raki, mace ba ta kuka a gaban surukai, kuma dauriya hali ne mai kyau a wurinsa. A gadon asibiti kuwa tana ɓoye wa likita abin da yake buƙatar sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, babu na'urar da ke auna ciwo sai bakin mai shi. Idan an tambaye ka daga sifili zuwa goma nawa ne, ka ba da amsa biyu: nawa ne idan kana kwance, nawa ne idan ka yi tari. Kafin ranar aiki kuma ka nemi ganin likitan da zai sa ka barci. Ka tambaye shi wane shiri aka yi wa ciwon bayan farkawa, ko za a iya tare jijiya, sa'a nawa za ta yi, me za a ba ka idan ta sake ka. Ka gaya masa duk maganin da kake sha, har na kemis da na gargajiya.

Inda aka yi wannan shiri, safiyar da muka fara da ita takan zo da wata kama. Ma'aikaciyar jinya ta ɗaga kan gado, ta naɗe matashi ta ɗora a kan ɗinkin, ta ce, "Baba, danne nan da hannunka, ka ja numfashi." Dattijon ya ja, yana jiran wuƙar jiya ta dawo, sai ya ji nauyi kawai da ɗan ja. Ya ƙara ja har ƙirjinsa ya cika, ya yi tari sau biyu, ya tofar a kwano. Sannan ya juya ga ɗansa ya ce a kawo masa ruwan alwala, yau a zaune zai yi salla.